Yadda Muka Bakace Shayin Kapitan

Ku 'yan kabu-kabu da kuke jingine babura a gindin dogon yaron nan, ina jin ku sarai in kuna cewa, "Baba Nomau ya huta, mu ma in ƙarfi ya ƙare tebur za mu kafa." Dariya kawai nake yi. A ganinku shayi ruwan zafi ne da sukari da ɗan ƙullin nan mai zare da ake tsomawa a fitar. To ku gyara zama. Teburin nan da kuke dogara gwiwar hannu a kai kuna zuba hira, saura ƙiris soja su jefa shi a mota a kan cokali huɗu na ganyen shayi, kuma ni na jawo da bakina da hannuna.

Aikina na farko a sana'ar nan ɗaukar ruwa ne, kuma ba yaro nake ba lokacin, da gemuna da matata. Shekarar farin farko, dab da soja su karɓi mulki, gerona a Barmu ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Na taso da matata Hajo muka shigo Tawa da tabarma ɗaya da tukunya. Wani tsoho, Baba Asumana, shi ke da tebur a nan wurin, gaban wani buro, wato ofishin gwamnati. Da can kukun Nasara ne, da suka kwashe suka tafi ya kafa tebur. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Manomi na? To, kahwaɗunka sun yi. Ɗauki garwa."

Wata uku ina jigilar ruwa bai bar ni na taɓa buta ba. Kuma ba kowace rijiya ba. Akwai ta kusa mai ɗanɗanon kanwa, in ka dafa shayi da ruwanta sai ya yi duhu ya taso da wani maiƙo a sama. Baba ya hana ni ita, sai wata can nesa wajen garake. Rannan rana ta gasa ni, na ce wa zai sani, na ɗebo ta kusa. Kurɓa ɗaya ya yi ya tofar. "Nomau, kai ma jakkai wanga ka koma." Na koma ina tafe ina zagin kakan wanda ya fara shan shayi a duniya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Kaskon gawayi biyu da mafici, babbar butar ƙarfe ta ruwan zafi, 'yar shuɗiyar buta ta shayin Buzaye da finjalanta, rariya, wuƙar burodi, da 'yar guduma ta fasa kan sukari. Sai wata farar butar tangaran da Baba ya fito da ita daga gidan Nasara, tana cikin akwati naɗe da tsumma, ba ta taɓa hawa wuta ba. Na tambaye shi amfanin butar da ba ta hawa wuta. Ya ce akwai shayin da ba a dafawa, jiƙa shi ake yi. Na yi dariya har da riƙe ciki. A ƙasarmu ta Adar kaf kowa ya san shayi sai ya tafasa ya sake tafasa, a ɗaga buta sama a tsiyayo shi ya yi kumfa, a sha na farko mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku. Shayin da bai ga wuta ba ai ɗanye ne. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa Baba, ban ƙara tambaya ba.

Ma'aikatan buro su ne gatanmu, da safe su sha mai madara da burodi kafin su shiga. Sai Agali, maigadin buron, Buzu ne da fari ya cinye masa raƙuma, bai bar masa komai ba sai rawani da iya shayi. Kullum yana tsugune kusa da kasko yana gyara mini hannu, wai Bahaushe bai iya kumfa ba. Ni kuma in ce masa wanda ya iya kumfa ai ga shi yana gadin ƙofar wasu. Shekara goma muna wannan tsiya, ko sau ɗaya bai yi fushi ba.

Aikin da na fi ƙwarewa a kai shi ne gyaran ganye, ku riƙe wannan don shi ya kusa kashe ni. A zamanin kamiyo ɗaya, wato babbar motar kaya, ke kwaso shayi da sabulu da kananzir da turare, a danne su wuri guda kwana da kwanaki a hanya. Ganyen shayi kuwa kwaɗayin wari gare shi, duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya sha. In buhu ya zo yana warin sabulu, kowane mai tebur a Tawa ya san magani: a bakace shi a faifai a fitar da ƙura da tsinke, a baza a tabarma ya sha rana har warin ya tashi. Hajo a bakace ba ta da na biyu, ni kuma hancina kamar na kare. Baba da kansa ya sha cewa a gyaran ganye na fi shi. Da idanunsa suka mutu ya koma gida ya zauna, ya bar mini tebur da akwati da farar butar da ban san amfaninta ba.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko mugunta. Gari ya cika da mutanen ƙauye da na daji, kowa na jiran jar dawar taimako. Wanda bai ci tuwo ba ina zai sayi shayi? Masu tebur na kasuwa da na tasha suka yi ta naɗe kaya ɗaya bayan ɗaya. Ni abin da ya riƙe ni gaban buron nan ne kawai, don ma'aikaci ko ana ha-maza-ha-mata yana da albashi. Baki takwas ke ci daga teburin nan lokacin, har da Baba Asumana da 'yan'uwana da suka biyo ni daga Barmu. In aka matsar da ni ko da zuwa kwanar can ne, mun shiga layin jar dawa.

Ana cikin haka aka kawo sabon Kapitan ya shugabanci buron, dogo, mutumin gabas, ba ya dariya. Kwanansa uku ya ce gaban buro ba kasuwa ba ne, a share. Soja suka kwashe mai tsire, suka kwashe mai goro da mai gyaran keke. Ni kuwa, plantonsa, wato ɗan aiken buron, shi ya roƙa mini, ya ce ai mai shayin nan a hannun kukun Nasara ya koya, babu shayin da bai sani ba. Da hantsi sai ga Kapitan da kansa a gaban teburina, riƙe da wani baƙin gwangwani mai zanen zinariya.

"Kai ne ka san kowane shayi?"

Maimakon in yi shiru, sai bakina ya riga hankalina. "Ranka shi daɗe, in dai ganye na, ko daga wata yah hito na san shi."

"Bon. Wannan daga ƙasar waje na zo da shi. Kukuna ya tafi ganin gida. Gobe ƙarfe goma ina da baƙi daga Yamai, har da Baturiya mai kula da hatsin taimako. Kofi huɗu. Tafi da shi ka gwada hannunka. In ya yi, tebur ya zauna. In bai yi ba, mota na nan."

Na rufe tebur tun kafin azahar na nufi gida ina taku ɗai-ɗai, gwangwani a hammata. Muka buɗe ni da Hajo. Wani ƙamshi ya buge mu, kamar lemo, kamar turare, kamar sabulun masu kuɗi. Ganyen baƙi ne dogaye, amma cike da wasu 'yan shuɗin abubuwa da ja-ja. Na kaɗa kai irin na gwani.

"Kin gani? Har Kapitan an cuta. Da sabulu anka haɗo shi cikin jirgi. Dibi datti kuma."

"Allah sarki, bawan Allah," in ji Hajo. "Shi soja ina yas san ganye? Miƙo hwaihwai."

Jama'a, ban taɓa ganin Hajo ta yi aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Ta bakace, ta sake bakacewa, abin da faifai ya bari ta bi da yatsa ta tsince ɗaya-ɗaya. Shuɗin ya zube ƙasa, kazarmu guda da ta rage ta bi ta cinye. Muka baza ganyen a tabarma tsakar gida, ranar Tawa ta tsakiyar bazara ta hau kansa. Ina zaune ina korar kaza ina juya shi da hannu, ina shinshinawa, ina jin daɗi warin yana raguwa. Kafin la'asar ya zama ganye salihi, ba ya warin komai. Har na fara tsara yadda Kapitan zai rungume ni, wataƙila ma ya ba ni hula.

Bayan la'asar na ce bari mu je mu gaida Baba, ya ji abin da almajirinsa ya zama. Muka same shi a zaure yana jan tasbaha. Na ɗora masa gwangwanin a hannu, na kwashe labari tun daga farko. Ya buɗe murfin ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinar murfin, sannan ya shinshina ganyen. Fuskarsa ta canza.

"Mi kac ce kun yi? Sake hwaɗi, kunnena ya tsuhwa."

"Mun bakace shi, Baba, mun shanya."

"Kun bakace shi."

"Hajo da kanta. Ko tsinke guda ba ta bari ba."

"Huren hwa?"

"Wane hure? Shuɗin dattin nan? Kaza ta tsince shi."

Baba ya saki tasbaha ya faɗi gefe guda a kan buzu. Na zaci ciwo ne ya taso, na yi kansa, ashe dariya ce ta hana shi numfashi. Yana dukan ƙasa yana hawaye yana cewa, "Wayyo cikina! Ɗan Barmu ya sussuke shayin Kapitan! Saura ka kai ma mata su daka su yi hura!" Sai da ya sha ruwa sannan ya iya magana.

"Nomau, ƙamshin ga da kunka kora, shi na shayin. Man ɓawon wani lemu na, bargamot aka ce mai, ƙasar Nasara shika hita. Ba a shan lemun don ɗaci, ɓawon aka matsa a yayyahwa ma baƙin ganye. Huren kuwa da gangan anka zuba shi, don ido shi gani hanci shi ji. Abin da mutane ka saye da tsada, kai ka ba rana kyauta, ka ba kaza sauran. Shi na shayin da nic ce maka ba a dahwawa, kay yi mini dariya."

Garin neman gira na rasa ido. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na zauna daɓas. Na ga tebur a bayan mota, na ga kaina a gidan kaso, na ga baki takwas a layi da ƙoƙo. Na tambayi Baba ko a matsa lemon tsami a ciki, ya ce Kapitan ba jaki ba ne. Na ce ko a fesa turare, ya lalubo sanda zai kwaɗa mini.

Duk wannan abu Hajo tana bakin ƙofa tana ta murza bakin gyalenta. Can sai ta yi gyaran murya.

"Baba, in an samu kaɗan wanda bai sha rana ba hwa?"

"Ina za a same shi, ɗiyata?"

"Ni dai tambaya niy yi."

"Hajo," na ce, "dube ni nan."

Ta ƙi dubana. Ƙasa take kallo ta ce, "Tun da hwarin ga yaz zaka ban sayi turare ba. Da nij ji ƙamshin ga, sai nic ce tunda iska za a ba shi, in ɗebi rabona. Ka tahi ɗauko hwaihwai niɗ ɗebi cikin hannu guda, nik ƙulle ga tsumma mai tsabta, shina cikin kwanon tuhwahina, ruhe."

A ƙa'ida miji ya kamata ya yi faɗa, matarsa ta saci kayan soja. Ni kuwa sai na tsinci kaina tsaye ina rawa a zauren Baba, da gemuna da komai, ina juyi ina tafi, Baba yana buga mini kiɗa da murfin gwangwani. Hajo ta ruga gida ta kawo ƙullin. Muka auna: cokali huɗu cif, har da furensa, sai ɗan gari a ƙasan tsumma. Ba na gwaji, ba na kuskure. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni ranar na fafe nawa. Baba ya sa aka ɗauko farar buta, na yi ta gwada hannu da ganyen da muka kashe har aka kira magariba.

Ga yadda ya koya mini, ku saurara, don ba kowa zai faɗa muku kyauta ba. Ruwa sabo, na rijiya mai daɗi, ba wanda ya wuni yana tafasa a buta ba. Ya tafasa sau ɗaya ka sauke. Ka fara zuba kaɗan a butar tangaran ka girgiza ka zubar, don ta ɗumama, buta mai sanyi tana sace zafin ruwa. Cokali ɗaya na ganye ga kowane kofi. Ka jira ruwan ya daina surutu, sannan ka zuba a hankali, daga kusa, ba daga sama irin na masu neman kumfa ba. Ka rufe ka lulluɓa da tsumma, don ƙamshin tururi yake bi ya gudu. Ka ba shi lokacinsa, a wurin Baba zagaye biyu na tasbaha ne ba gaggawa. In ka rage ya fito ruwa-ruwa, in ka wuce ɗaci ya danne lemon. Sannan ka tace shi duka, kada ka bar ruwa kwance a kan ganye. Sukari a gefe, mai sha ya sa da kansa. Kuma ko sama za ta faɗo, butar ba ta hawa wuta.

Washegari tun da sassafe na ɗebo ruwa da kaina. Hajo ta jawo Baba da sanda ta zaunar da shi a benci, ta koma bayan dogon yaro ta raɓe. Planto ya riga ya baza labari, sai ga ma'aikata sun fito, ga mai tsire da mai goro da aka kora sun dawo kallo, ga mutanen layin jar dawa sun juyo. Ƙarfe goma aka fito da kujeru baranda, Kapitan ya zauna da baƙinsa, shi da Baturiya da wasu manya biyu. Motar soja tana tsaye a gefe, bayanta a buɗe.

Na ɗumama buta, na zuba cokali huɗu, na jira ruwa ya yi shiru na zuba, na rufe, na lulluɓe. Baba ya fara jan tasbaha. Ni kuma na tsaya na harɗe hannu, buta a kan tebur, kasko yana ci a banza. Nan fa wuri ya rikice.

"Nomau, ka haukace?" in ji Agali, har rawaninsa na kwancewa. "Aza ta bisa wuta! Ɗanyen shayi za ka ba soja?"

"Tsoro ya ruɗa shi," in ji mai tsire. "Ya mance wuta."

Wata tsohuwa daga layi ta ɗaga murya, "Ɗana, tahwasa shi, kar ka kashe baƙi da ciwon ciki!"

Agali ya tsuguna ya kama fifita mini gawayi, yana roƙona don Allah don Annabi. Kun san shekara goma hannu yana abu ɗaya, shi ma yana da nasa hankalin. Ban san lokacin da na kama hannun butar na fara ɗagawa ba. Murfin ya yi ɗan ƙara. Makaho ya ji. Sai saukar sanda na ji a ƙaurina, tau! "Aje ta, ɗan Barmu!" Na ajiye. Bai ko daina jan tasbaha ba. Zagaye biyun nan sun fi mini daminar da ba ruwa tsawo. Can ya ce, "Zuba."

Na ɗaga tsumma na tsiyaya ta rariya. Ya fito ja garau, kana hango gindin kofi. Ƙamshin ya tashi ya bi iska, sai surutu ya mutu. Agali ya saki mafici, hancinsa ya bi tire har baranda. Na ajiye a gabansu na ja baya, ina karanta duk abin da na haddace. Baturiyar ta kurɓa ta lumshe ido, ta yi wata magana da Faransanci. Planto ya raɗa mini wai ta ce tun da ta baro gidan kakarta ba ta sha irinsa ba. Kapitan ya kurɓa, ya sake kurɓa, sai ya ɗaga wa direba hannu. Aka rufe bayan mota. Wallahi ji na yi kamar in hau dogon yaro in yi kiran salla.

Murna ta hana ni tuna cewa da sauran rina a kaba. Da baƙi suka shiga ciki, sai ga Kapitan ya tako har tebur.

"Ya yi. Daga yau kai za ka riƙa yi mini kowace safiya. Ina gwangwanin?"

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe, ya kai hanci. Ya sake kaiwa. Ya karkata shi wajen haske yana neman fure. 'Yan kallo suka fara ja da baya. Na duba gabas na duba yamma ban ga ƙaryar da za ta ɗauke ni ba, sai na durƙusa na faɗi gaskiya, tun daga sabulu har faifai har tabarma har kaza.

"Kaza," in ji Kapitan.

"Guda ɗai ta, ranka shi daɗe. In kana so a kawo ta."

"To wanda na sha yanzu daga ina ya fito?"

Kafin in buɗe baki sai ga Hajo ta fito daga bayan itace, ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi magana a fili. "Ni nis sata, ranka shi daɗe. Don in sa ma tuhwahina ƙamshi. Shi bai sani ba. In kamu na, ni za a kama, a bar mai teburinshi, mutum takwas ka ci gare shi."

Kapitan ya dube ta, ya dube ni, ya dubi makahon da ke zaune da sanda. Leɓensa ya fara motsi. Ya juya mana baya, kafaɗunsa suna girgiza, sai kawai ya fashe. Mutumin da aka ce ba ya dariya ya dafa teburin nan yana ƙyaƙyatawa har hularsa ta faɗi. Da ya samu kansa ya share ido ya ce, "Gwangwani biyu na zo da su. Na farko na kai wa tsohuwata a gida. Na dawo gaishe ta na tarar ta zuba shi a kasko tana turara ɗaki, tana sa mini albarka wai ban taɓa kawo mata turaren wuta mai kyau irin wannan ba. Ku kun ma yi ƙoƙari, kun bar cokali huɗu."

Ya sa aka kawo kan sukari biyu daga buro. Ya ce ganyen da muka kashe ba za a zubar ba a shekara irin wannan, a dafa wa mutanen layi. Agali ya karɓi aikin da murna, ya tafasa shi iya son ransa, ya ɗaga buta sama har tsawon hannunsa, ya yi kumfar da ya daɗe yana mini gori a kanta. Tsofaffin da suka kwana biyu ba su sa komai mai zaƙi a baki ba suka sha, finjali yana zagayawa. Tsohuwar nan ta ce wannan shi ne shayi, ba ɗanyen da aka ba baƙi ba. Tebur ya zauna. Da aka ga ya zauna, mai goro ya lallaɓo ya raɓa a gefena, bayan sati mai tsire ya biyo, Kapitan ya yi kamar bai gani ba.

Gwangwanin da ya zama fanko, Kapitan da hannunsa ya miƙa wa Hajo. Ya ce murfin yana da sauran ƙamshi, ta sa ɗankwalinta a ciki. Daga ranar ban ƙara jin daɗin gardama a gidana ba. Ko me na ce sai ta ce, "Gwani ya kashe, ɓarauniya ta ceta. Teburin wa?" In ce nata. Da ruwa ya dawo aka yi girbi na sayo mata turare mai tsada a kasuwa, ta shinshina ta ce bai kama ƙafar na Kapitan ba.

Yanzu irin shayin nan yana nan a butik, wato kanti, mai fure da mara fure, kuma in baƙo ya nema ina yi masa a farar butar nan, da tasbahar da Baba ya bar mini. Ku da kuke cewa na huta, duk wanda ya iya tsayawa zagaye biyu jama'a na yi masa ihu bai aza buta a wuta ba, ya zo in ba shi garwa ya fara. Baƙin gwangwanin da kuke gani a kan akwati kuna tambaya ko sukari ne a ciki, ba sukari ba ne, ɗankwalin Hajo ne. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma ina kewarta. Ƙamshin ya daɗe da ƙarewa, na sani, hancina bai mutu ba. Amma kowace safiya kafin in hura gawayi sai na buɗe na shinshina, in gaida mai tebur, sannan in fara aiki.